Gonar da Kwamfuta Ta Ba Shanu

Turakun siminti goma sha ɗaya Faruku ya tarar a gonarsu, kowanne an shafa masa jan fenti a ka. Sun zagaye ta tun daga gindin babban gawo har bakin hanyar rijiya. Ya sauka daga babur bai ko kashe shi ba, ya kai wa na farko shuri. Turken bai motsa ba, babban yatsansa ne ya fashe.

Mahaifiyarsa Barira tana zaune a kan kututture da ƙwaryar irin hatsi a cinya. Ita ta ari wayar maƙwabta ta kira shi da sassafe, ya bar layinsa a tashar 'yan kabu-kabu ta Dogon Dutsi, ya sha rairayin hanyar Dogon Kiriya har ƙauyensu.

"Inna, wa ya yi wanga aiki?"

"Ma'aikatan filaye. Shekaranjiya sunka zo da mota. Sun ce nan ba gona ba ce, mashekari ne, wurin da shanu ke kwana in suna wucewa. Wanda duk ya sa sungumi ciki, jandarma za su zo mishi."

"Ba gona ba ce? To hatsin da kika yaye ni da shi, daga ina anka yanko shi?"

"Haka na ce da mutumin. Sai ya juyo mini wata waya mai faɗi kamar faranti, ya ce in duba. Na duba. Jan tabo na gani, kamar an zubar da manja. Wai ga shi nan, ordinata, kwamfutar tasu, ta faɗa."

Faruku ya san wannan jan tabon. Da hannunsa ma aka yi shi.

Shekara biyar da suka wuce, lokacin bai daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, ya kama babur ba, wasu mutane suka zo daga sashen ilimin kwamfuta na wata jami'a a birni. Wadda take jan aikin wata ɗaliba ce mai neman digirin dakta, Juwairiyya, 'yar Matankari. Wata uku Faruku yana goya ta daga ruga zuwa ruga. Aikinsu shi ne su ɗaura wa saniya guda a kowane garke wata 'yar na'ura a wuya, ba ta fi akwatin ashana ba. Duk inda saniyar ta taka, na'urar ta aika labari, kwamfuta ta ja layi. Inda layuka suka taru suka miƙe, nan ne burtali, hanyar shanu. Inda suka dunƙule suka kwana, sai kwamfuta ta yi jan tabo ta ce mashekari ne. Juwairiyya ta ce in aka gama taswirar, rigimar manoma da makiyaya ta ƙare, kowa zai san iyakarsa. A lokacin abin ya burge Faruku ƙwarai. Har cewa yake yi a tasha shi ma ma'aikacin jami'a ne.

Amma da rani suka zo, bayan an saki gonaki. Kuma duk rani, tun Faruku bai san kansa ba, garken Abdulwahabu a gonarsu yake sauka. Tsohon alkawari ne tsakanin Bafulatanin da marigayi mahaifin Faruku: in an kwashe amfani, shanu su shigo su ci kara, su yi wata biyu suna zuba taki, in za su tashi a ɗora wa jakin Abdulwahabu dammunan hatsi. Da takin nan gonar take rayuwa, don jigawa ce. A gindin gawon nan aka ɗaura wa wata farar saniya na'urar, Faruku ne ya riƙe mata ƙaho. Kwana sittin saniyar ta yi tana gaya wa kwamfuta cewa a nan take kwana. Kuma ba ƙarya ta yi ba.

"Hadari ya fara haɗowa gabas," in ji Barira, tana juya irin da yatsa. "Kowa ya gama sassabe. In ruwa ya sauka ba mu shuka ba, ka san abin da ya rage cikin rumbu."

Ya sani. Gonar nan kaɗai gare su, baki bakwai ke ci daga cikinta. Abin da babur yake kawowa na gishiri ne da magani, ba ya riƙe gida shekara.

Ya hau babur ya nufi rugar Abdulwahabu a kan fakon da ke bayan tafki. Ya tarar da tsohon yana tufkar igiya, ɗansa Huzaifa, sa'an Faruku, yana tsugune yana cire wa wani sa kaska. Faruku ya yi sallama a tsaye, bai jira an ba shi tabarma ba.

"Baffa, ka ga abin da anka yi muna?"

"Na gani."

"Ka gani ka yi shiru? Kai ka san shanunka ba wucewa suke ba. Baba ne ke kiranka. Bayan shi, Inna."

Huzaifa ne ya amsa, bai ko ɗago kai ba. "To mi kake so shi ce? Mun roƙi wani ya kafa muna turke? Burtalinmu na gaskiya ina yake? Kun cinye shi. Bana kamu ɗaya, baɗi kamu biyu, har saniya biyu ba su jerawa. Bara da damina a kafaɗa na ratsa da maraƙi, don kar ya taɓa ganyen wani a tara mini gari. Yau an ba mu inda za mu tsaya, sai ka zo muna da kumfar baki?"

"Gonar uwata ce za a yi maka kyauta da ita?"

"Ni ban sani ba. Ka tambayi ordinata, abokiyar aikinka."

Faruku ya yi kansa. Tsohon ya miƙa sandarsa tsakaninsu ba tare da ya tashi ba.

"Ku natsu, ku duka. Faruku, ba ni cin gonar aminina yana cikin ƙasa. Amma ba ni zuwa biro, ofishin nasu, in tsaya layi. Ka kawo masu takarda nan, bisa ƙasar, in faɗa musu abin da na sani."

Washegari Faruku ya yi sammakon biron filaye. Sai da rana ta yi tsaka aka ce ya shiga. Ma'aikacin ya saurare shi da kyau, har da gyaɗa kai, sannan ya buɗe hannuwa.

"Mu ba mu zana ba, kafawa muke. Taswira daga jami'a ta zo, da hatiminta. In akwai kure, su za su rubuto."

"Yaushe?"

"Ka haɗa dosiye, takardun ƙorafinka, mu aika."

"Ruwa fa?"

"Ruwa ba sashena ba ne."

Faruku ya fito. A tasha bai ɗauki kowa ba, ya zauna a kan babur yana cizon yatsa. Wani abokin sana'arsa, Sadiƙu, ya tsaya kusa da shi da kujerun roba shida ɗaure a bayan babur.

"Kai, ma'aikacin jami'a, ba a gayyace ka ba? Mutanenka sun zo gari. Wai sashensu ya cika shekara ashirin da biyar, suna zagaya garuruwa suna nuna aikinsu. Gobe da hantsi ne, babban zaure. Tun safe kujeru nake kai musu."

Faruku ya dube shi. "Gobe ka ce?"

Zauren ya cika da hantsi. Masu unguwanni da dattawan manoma a gaba, 'yan lakwal a baya da fararen riguna, an rataya farin ƙyalle a bango ana haska hotuna a kansa. Faruku ya jingina da ƙofa, ƙafarsa ɗaure da tsumma. A teburin manya ya hango Juwairiyya. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sa gilashi, an rubuta Dakta a gaban sunanta.

Shugaban sashen, Dakta Yazid, wani siriri mai furfura, shi ya tashi ba da tarihi. Ya fara da Faransanci, ya ga dattawa na hamma, ya juya Hausa. Ya ce a wani ɗakin ajiya suka fara, da tsofaffin kwamfutoci shida, uku ne kawai suke tashi. Da damina ɗakin yana yoyo, sai su lulluɓe su da leda su koma ƙarƙashin itace. Ɗalibai tara ne na farko. A takarda kowa yake rubuta aikinsa, ya jira mako guda kafin layinsa ya zo ya gwada, in aka ɗauke wuta a ranarsa sai wani makon. Yau ɗalibansu sun haura ɗari huɗu. Ya nuna saƙon waya da suka ƙirƙiro mai gaya wa manomi ko ruwa na kusa. Ya nuna wata manhaja da ake ɗaukar hoton zangarniya ta faɗi ko tsutsa ta shige ta. Ya nuna yadda suka sa asibitocin ƙauye suka daina ɓatar da sunayen jariran da aka yi wa rigakafi.

Aka yi ta tafi. Faruku ya ji abin yana shigarsa, kamar yadda ya shige shi shekara biyar baya, wannan kuwa ya ƙara masa haushi. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Da wawaye ne da ya fi samun sauƙi.

"Sai kuma abin da muka fi alfahari da shi," in ji Dakta Yazid. "Taswirar burtali. A ƙasarku aka yi ta, kuma 'yarku ce ta yi ta."

Ƙyallen ya cika da layuka kore da jajayen tabo. Faruku bai sha wahalar nema ba. Ga tafki, ga hanyar rijiya, ga shi nan.

"Dakta! Tsaya nan, kar ka wuce!"

Kawuna suka juyo. Ya ratsa tsakiyar kujeru yana ɗingishi, ya je ya ɗora yatsa a kan tabon, jan hasken ya hau bayan hannunsa.

"Wanga mi ne?"

"Mashekari ne, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri, akwai lokacin tambayoyi a ƙarshe."

"Dami ɗari da ashirin mashekarin nan ya yi bara, ban da wake. Gonar uwata ce. Yanzu haka turaku goma sha ɗaya ke cikinta, an ce in ta yi shuka jandarma su kama ta."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Dakta Yazid ya gyara gilashinsa. "Ba da ka muka zana ba. Na'ura ce ta nuna garke ya kwana sittin a wurin, kuma na'urar ba ta san kowa ba, ba ta son kai."

"Wane wata?"

"Na'am?"

"Wane wata ne ya kwana sittin ɗin? Madam ta sani. Madam, kin gane ni? Ni ne Faruku mai babur. Ni ne kika ce in riƙe ƙaho. Faɗa musu watan."

Juwairiyya ta riga ta miƙe. Ta dubi tabon, ta dubi Faruku, bakinta ya ɗan buɗe. "Daga watan ɗaya zuwa na uku," ta ce a hankali.

Wani dattijo mai rawani a layin gaba ya fashe da dariya har yana buga sanda a ƙasa. "Da rani? Ɗiyata, ai da rani ko filin idi shanu na kwana! In haka ne ni ma gonata mashekari ce, da ta limam, da ta mai gari!"

Dattawa suka kwashe da dariya. Faruku bai yi ba. Ya juya ga teburin, muryarsa ta cika zauren.

"Burtali da damina ake nemanshi, sa'ad da ko'ina ya zama shuka, saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa. Ku kun zo lokacin da mota ba ta kafewa. Wata uku ina goya ta a bayana, rana ta dake mu tare, mun sha fura a ƙwarya ɗaya. Ko sau ɗaya wani ya ce, Faruku, mi ya kawo shanun nan gonarku? Saniya kunka tambaya! Ita kun rataya mata na'ura tana ba ku labari, ni kun ce in riƙe ƙaho. Don na bar lakwal, saniya ta fi ni baki ke nan?"

"Na rubuta," in ji Juwairiyya. "A ƙarshen littafina na rubuta cewa sai an sake aikin da damina kafin a yi amfani da shi. Ba a dawo ba, aka miƙa taswirar haka."

"Inna ba ta karanta ƙarshen littafi. Mai kafa turke ma bai karanta ba. Jan tabo ya gani."

Dakta Yazid ya ɗaga hannu. "Mun ji, kuma magana ce mai nauyi. Bayan biki za mu kafa komisiyo, wato kwamiti, ta duba."

"Komisiyo?" Faruku ya nuna taga. Gabas ta yi baƙi tun safe. "Ka gaya wa wancan ya jira komisiyo. Kai da kake da waya mai faɗin ranar ruwa, duba ka gaya mini kwana nawa ya rage mini."

Masu gadi biyu suka taso. Juwairiyya ta fito daga bayan tebur ta tsaya tsakaninsu da shi.

"Ku bar shi. Dakta, takarda ɗaya ce. Mu rubuta yanzu cewa jajayen wuraren nan ba a tabbatar da su ba, a dakata da su. Ka sa hannu, ni zan kai biron filaye da kaina. Gobe in je gonar."

"A tsakiyar biki, Juwairiyya?"

"A tsakiyar biki aka nuna ta."

Tsohon malamin ya cire gilashinsa, ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya jawo takardar jawabinsa, ya juya bayanta, ya ce a ba shi alƙalami. Ba wanda ya tafa.

Da safe Faruku ya goya Juwairiyya, ma'aikacin filaye yana bin su a nasa babur. Sai da suka wuce Matankari Faruku ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Ga garinku nan. Babanki ba ya kiran Fulani gonarshi da rani?"

"Yana kira."

"To?"

"Ni ce ma nake kai musu tuwo ina yarinya." Babur ya faɗa rami ya fito. "Na san abin a gida, Faruku. Da na zauna gaban ordinata, layukan sun fito da kyau, ban tuna ba. Jiya na ƙirga. Tabo talatin da ɗaya ne irin naku."

Ya ƙara wuta, rairayi ya tashi a bayansu. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Labari ya riga su isa. Rabin ƙauyen yana gindin gawo, maƙwabtan gona duk sun zo kallo. Abdulwahabu ya iso da sandarsa a kafaɗa, Huzaifa na biye. Barira tana ganinsa ta tafa hannu, don tsakanin Arawa da Fulani ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ga ɓarawon gona ya iso! Bahillace, kara bai ishe ka ba sai ka haɗa da ƙasar?"

"Ba'ara, in na ɗauki gona wa zai nome mini? Sai dai in haɗa da ke, dama baiwata ce."

"Baiwar wa? Kai da ba ka san kan hauya da gindinta ba?"

"Ke kin san nono? Shekara talatin kina shan nawa, ko godiya."

Aka yi dariya, har ma'aikacin filaye. Sannan tsohon ya gyara tsayuwa, ya yi magana a natse. Ya ce gonar ta mutanen Barira ce tun kafin shi ya fara kiwo. Ya ce gayyata ce ke kawo shi, in kaka ta wuce, kuma ranar da aka yi ruwan farko ba ya ƙara kwana. Ba a taɓa yin mashekari a nan ba. Ma'aikacin ya rubuta, Juwairiyya ta rubuta, mai gari ya dangwala yatsa. Hankalin Faruku ya kwanta. Har ya juya zai tafi ɗauko sungumi.

"Ban gama ba," in ji Abdulwahabu. "Madam, ba hanyar shanu kika zo nema ba tun farko? Taho in nuna miki."

Ya kama tafiya gabas, jama'a suka bi shi. Bai tsaya a bakin gonar ba. Tun da sauran tafiya kafin iyaka ya tsaya, a daidai inda ƙasar take gangarawa ta zama kwari. Nan ne ruwa yake kwanciya, nan hatsi yake fin mutum tsawo, nan Barira take zuba kuɓewa da yakuwa. Ya caka sandarsa ya tona, ya ture rairayi da ƙafa. Wani baƙin kututture ya fito. Ya yi gaba kaɗan ya sake tonawa, wani ya fito. Ya tono biyar a jere, sun miƙe sambal kamar an ja igiya.

"Shingen aguwa ne. Nan ne bakin burtali. Daga nan zuwa wancan kalgon, duk hanyar shanu ce. Ina saurayi garke uku ke jerawa a nan."

"Ƙarya ne!" Faruku ya yi tsalle ya tsaya a kan kututturen. "Nan ne cikin gonar! Nan kaɗai ke yin abin kirki! Baffa, ashe abin da ka shirya ke nan? Ka ba ni da dama ka karɓe da hagu?"

"Na ce zan faɗi abin da na sani. Ban ce rabi ba."

"Inna, gaya musu!"

Barira ba ta dube shi ba. Kututturan take kallo. "Ubanka ya sare aguwar," ta ce. "Shekarar da fari ya ci mu. Ya ce bana kaɗai. Ni na kwashe itacen na kai gida."

"Inna!"

"To in rantse bisa ƙarya da furfurata? Shi ma Abdulwahabu ya sani, shiru ya yi muna shekara da shekaru."

Faruku ya dubi jama'a yana neman wanda zai tsaya masa. Sai ya ga taron ya ragu. Masu gonakin da ke jere da tasu, kudu da arewa, suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, wancan ya ji kamar ana kiransa. Huzaifa ya ɗaga murya.

"Ina za ku? Ku tsaya mana, sandar Baffa ba ta gaji ba!"

Haushi ya rufe Faruku, ya rasa wanda zai ɗora wa. Ga matar da ta zo da na'ura ta jawo masa wannan duka. Ga tsohon da ya cece shi ya kuma yanke shi a zama ɗaya. Ga uwarsa da ta ƙi yi masa ƙarya. Wanda ya fi so ya tambaya kuwa, ubansa, yana makabarta. Ya juya kan Juwairiyya, don ita ce kusa.

"Kin gani? Da ba ku zo ba, da kwarin nan na hannunmu."

"Da yana hannunku," ta ce. Ta ci gaba da auna tsakanin kututturan da taku, tana rubutawa.

Ma'aikacin filaye ya ba da takarda: a yi shuka daga layin aguwa zuwa yamma, gabas kuwa a bar wa shanu. Turakun, in ji shi, sai motar ma'aikata ta samu zuwa, wataƙila wata mai kamawa.

"Ba su ƙara kwana cikin gonar nan," in ji Faruku.

Ya aro diga. Siminti ne aka zuba musu a gindi, kowane ɗaya sai da ya ci masa gumi. Yana kan na uku Huzaifa ya zo da amalanken jaki, ya kama ɗaya gefen suka ɗora. Haka suka yi ta yi har la'asar, ba mai kallon wani. Suka kafa su a kan layin aguwa. Faruku yana danna ƙasa a gindin kowanne da dunduniya kamar yana taka wuyan wani.

Ruwa ya sauka kwana biyu bayan haka, mai yawa, har tafki ya kawo. Da gari ya waye Faruku yana gaba da sungumi yana sara, Barira tana binsa tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Duk layin da ya ɗauko daga yamma, in ya iso turakun sai hannunsa ya so ya ci gaba. Can ƙasa kwarin ya sha ruwa ya yi baƙi, yana ƙamshi. Garken Abdulwahabu ya bi ta cikinsa da hantsi zai yi arewa, shanu huɗu huɗu a jere, suna tattaka inda kuɓewa take fitowa.

Juwairiyya ta zo a ƙafa daga gidan mai gari inda ta sauka, takalmanta a hannu, da takarda a cikin leda. Ta gaida Barira, ta tsaya a bakin layi.

"Faruku, saura talatin. Wasu an riga an kafa musu turaku, kuma su ma ruwan nan ya same su. Ban san hanyoyin ba in ƙasa ta jiƙe. Kai ka sani."

Ya sara rami, ya sara wani.

"In mun je, wa za ki tambaya?"

"Mai gonar. Da mai shanun."

"Su duka za su zage ki. Wasu za su rasa kwarinsu kamar ni, su zage ni da na kawo ki."

"Na sani."

Ya kai ƙarshen layin, ya tsaya a gaban turke yana huci, ya dubi abin da ya rage na gonar.

"Akwai wata ƙwarya can gindin gawo," ya ce. "Ɗebi iri ki bi bayan Inna. Ba inda za ni sai an rufe gonar nan."

Ta ajiye takalman da takardar, ta tafi ɗauko ƙwaryar.